Gawon Tozai da baƙin gilashin da ya cinye min hotuna 12

'Yar uwa, kafin ki ci gaba da karatu, ɗauko rimot ɗin talabijin ɗinki. Buɗe kamarar wayarki, ki saita bakin rimot ɗin wajen idon kamarar, ki danna kowane maɓalli. A yawancin wayoyi za ki ga wata 'yar wuta mai ruwan shanshanbale tana ƙyaftawa a fuskar wayar, alhali idonki bai ga komai ba. Idan kamarar baya ta ƙi nunawa, gwada ta gaba. Wannan hasken da waya ta gani ke ba ki gani ba, shi ake kira infirared, kuma shi na ɗauki ƙafa na tafi nema har Tozai, ta ƙaramar hukumar Illela, cikin sanyin watan Disamba.

Tozai garin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Mu a Sakkwato aka haife mu, kuma sana'ar da ya ciyar da mu da ita ita ce ɗaukar hoto. Da ya rasu, cikin kayan da suka faɗo rabona akwai tsohuwar kamararsa, Pentax K1000, irin wadda ake sa wa fim, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Shekara da shekaru tana ƙasan akwati tare da zannuwan aurena. Abin da ya sa na tono ta saƙo ne daga Gwaggo, yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. An fara maganar sayar da gonar gado, masu itace kuma sun riga sun zo sun zagaya babban gawon da ke tsakiyarta suna aunawa da ido. Gwaggo ta ce a gaya min in zo da “na'urar Malam” in ɗauke mata itacen kafin a sare, don ƙarƙashinsa suka yi wasan ƙasa ita da ƙaninta. Ga shi kuma yana ta fara rufe mata ido.

Ƙanena ne ya ƙara wa abin gishiri. Shi ya gaji son hoto, har yana wanke fim da kansa a banɗaki in ya toshe taga da bargo. Ya ce, “Yaya, in dai itace za ki ɗauka, ga abin da Baba bai taɓa gwadawa ba.” Ya miƙo min nadi ɗaya na fim mai suna Rollei Infrared 400, mai hoto 36, da wasu gilasai guda uku masu zobe waɗanda ake murɗawa a bakin kamara. Masu hoto filta suke ce musu. Ɗaya ja ne jawur, ɗaya baƙi ne mai ɗan ja-ja in an ɗaga shi sama, na ukun kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya yi min bayani a gurguje, ni kuma na saurare shi da kunne ɗaya, irin sauraron da yaya ke yi wa ƙane.

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar sama da kilomita 80 ce, ta Kware da Gwadabawa. Ranar Lahadi muka tashi, ranar da kasuwar Illela ke ci, shi ya sa tun daga nesa hanya ta cika da manyan motoci. Idan ba ki taɓa zuwa ba, ki ƙaddara kina tsakiyar raƙuma da shanu da tumaki masu dogon kunne da jajayen awakin nan da fatarsu ta yi suna har ƙasashen waje, ga buhunan albasa jibge, ga 'yan canji da naira a hannun dama, sefa a hagu. Ƙetare kaɗan Birnin Ƙonni ne na Nijar, kuma da wuya ki sami gida a wannan yanki da ba shi da ɗiya ko suruka a can. Duk lokacin da aka rufe iyakar, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, tukunyar gidaje ce ke fara shaidawa. A nan kamarata ba ta fito daga jaka ba, kuma ke ma kada ki fito da taki. Bakin iyaka da shingen jami'ai ba wurin hoto ba ne, balle a wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar. Da rana tsaka muka yi sauran tafiyar, don an gargaɗe mu kada yamma ta same mu a hanya.

Tozai a watan Disamba launi ɗaya gare ta. An girbe gero da dawa, an jingine kara, rumbuna sun cika, ƙasa da katanga da jakuna har da sararin sama duk sun zama ruwan ƙasa saboda hazo. Kore bai rage ba sai a dogon yaro da ke ƙofar gidaje, sai kuma gawo. Na taɓa zuwa da damina ina yarinya, na ga wannan itace tsirara ba ganye ko ɗaya, na ce wa Gwaggo ya mutu, aka yi ta yi min dariyar 'yar birni. Gawo saɓanin sauran itatuwa yake: yana zubar da ganye in ruwa ya sauka, ya tofo in rani ya shigo. Shi ya sa manomi ke ƙaunarsa. Ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun wajajen 1983 manoma suka koma raya kututturan da ke tofowa a gonakinsu maimakon sare su, har fuskar ƙasar ta canja.

Da daddare na baje kayana a tabarma, Gwaggo ta ɗauki baƙin gilashin ta kai ido, ta juya shi, ta ce, “Ɗiyata, wanga ai makaho na. Mi za ki gani cikinai?” Tambayar nan ita ce duk maganar, don haka bari in amsa miki kamar yadda na so a ce na amsa mata.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma ana auna tsawon igiyar da nanomita. Idon ɗan Adam yana gani daga wajen 400, inda shuɗi da shanshanbale suke, zuwa wajen 700, inda ja ya ƙare. Bayan ja hasken bai ƙare ba, idonmu ne ya gaza. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano haka a 1800: ya raba hasken rana zuwa launuka, ya sa ma'aunin zafi gaba da inda ja ya tsaya, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Fim irin wanda aka ba ni yana ganin duk abin da ido ke gani, sannan ya ɗan leƙa bayan ja. Matsalar ita ce hasken da muka saba ya fi yawa, yana danne ɓoyayyen. Aikin filta shi ne aikin rariya: ta tare wanda ba a so, ta bar wanda ake so ya wuce. Kamar dai yadda ba kya tankaɗe garin tuwo da na ɗanwake da na kunun jariri da rariya ɗaya don kawai sunanta rariya.

Jan gilashin, wanda ake sa wa lamba 25, yana tare shuɗi da kore, ya bar haske daga wajen 600 zuwa sama. Shi ne mai sauƙin hali. Kina iya leƙawa ta cikinsa ki ga abin da za ki ɗauka, kina iya riƙe kamara a hannu, don kashi ɗaya cikin 8 na hasken yake bari, kuma wannan ya isa in rana ta fito. Sai dai abin mamakin da yake bayarwa kaɗan ne: sama ta yi duhu, ganye ya ɗan yi haske, shi ke nan.

Na biyun, Hoya R72, sunansa ya faɗi aikinsa: daga wajen 720 yake buɗe ƙofa. Da zarar kin murɗa shi, kin daina ganin komai ta cikin kamarar. Dole ki kafa ta a kan maɗauri mai ƙafa uku, ki saita abin da kike so, sannan ki ɗaura gilashin a hankali kada ta motsa. Fim ɗin da aka rubuta wa 400 sai ki ɗauke shi kamar mai ƙarfin 12 ko ƙasa da haka, wato idon kamara zai daɗe a buɗe. Akwai kuma wata 'yar jar alama a jikin tsofaffin gilasan kamara, wadda na yi shekaru ina gani a ta Baba ban san amfaninta ba. Ɓoyayyen haske ba ya taruwa daidai inda na fili ke taruwa, don haka bayan kin saita nisa sai ki ɗan murɗa lambar ta koma kan jar alamar, in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi. Wahala ce, amma a nan albarkar take. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske da ƙarfi, don haka yana fitowa fari fat, sama kuma ta yi baƙi. Wani malamin kimiyya a Amurka, Robert Wood, shi ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan farin ganyen.

Na ukun an rubuta 850 a zobensa. Ni da hankalin cefane na auna shi: wanda ya fi duhu shi ya fi ƙarfi, wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Sai na raba hotunan 36 gida uku, na ce 12 na ƙarshe, na baƙin gilashin, su zan ajiye wa abin da ya fi daraja.

Na sa fim ɗin a kamara cikin ɗakin Gwaggo bayan na saki labule, don irin wannan fim ba ya son a buɗe shi a haske. Zafi ma abokin gabarsa ne, shi ya sa tun isowata na ajiye shi cikin roba mai murfi a gindin randa. Da safe hazo ya yi kauri, muka jira. Ana cewa infirared yana ratsa hazo, kuma gaskiya yana rage na nesa mai laushi, amma ƙurar hunturu in ta yi kauri ba ta san wannan magana ba. Sai wajen ƙarfe 11 rana ta buɗe, muka nufi gona, ni da Gwaggo da jikokinta da rabin yaran unguwa.

A hanya muka bi ta bakin rijiya, mata na jan ruwa, wata ta ja mayafi ta ce ta ji an ce irin wannan na'ura tana ganin mutum ta cikin tufa. Na so in yi dariya, amma maganarta tana da tushe, kuma gara ki ji ta daga bakina. Wasu rinin ba sa tare wannan haske, shi ya sa baƙin hijabi kan fito fari-fari a hoton, wasu siraran yadudduka na roba kuma sukan nuna abin da ke ƙarƙashinsu in rana ta yi ƙarfi. A 1998 sai da kamfanin Sony ya gyara wasu kamarorinsa na bidiyo masu ɗaukar dare saboda wannan, a 2020 kuma kamfanin OnePlus ya kashe ɗaya daga cikin idanun wayarsa ta 8 Pro kan irin wannan ƙorafi. Atamfa da zani mai kauri ba abin da zai same su. Duk da haka ban ɗaga kamara wajen rijiyar ba. Macen da ba ta ce a ɗauke ta ba, ba a ɗaukar ta, ko da wane irin gilashi ne.

Wata kuma ta tambaya ko tana nuna mai zazzaɓi, irin “bindigar goshi” ta lokacin korona. A nan aikina ya yi min rana. Ma'aunin goshin nan shi ma da infirared yake aiki, amma wani iri ne mai doguwar igiya, wanda jiki da kansa ke fitarwa saboda ɗuminsa. Fim ba ya ganin wannan ko kaɗan. Kuma tunda maganar ta zo: ma'aunin ba ya harba komai cikin kan yaro, karɓa kawai yake yi, kamar kunne. Na ga uwaye suna janye 'ya'yansu daga layi saboda jita-jitar cewa yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro kuwa jikinsa kamar garwashi. Ɗan abin nan ma da muke matsa wa majiyyaci a yatsa don duba iskar da ke cikin jini, fitilu biyu gare shi, ja mai 660 da ɓoyayye mai 940, kuma bambancin yadda jini ke shanye su shi yake ba mu lambar. Abu ɗaya na hana yaran da tsawa: leƙa rana ta cikin baƙin gilashin. Ido yana ganin duhu sai ya buɗe sosai, alhali ɓoyayyen haske na kwarara ciki. In akwai irinsa a gidanki, ki ɗaga shi sama tare da magunguna.

Gawon yana nan yadda na san shi, sai dai ya fi girma a ido yanzu da aka sa masa kuɗi. Mutum biyu ba sa zagaye gindinsa da hannu. Awaki na ƙarƙashinsa suna jiran abin da iska za ta kaɗo. Na ɗauki 12 da jan gilashi ina zagayawa, hankali kwance. Na ɗauki 12 da R72, kowane ɗaya sai na kafa, na saita, na murɗa, na jira iska ta lafa don kada ganye ya yi rawa, yara na ta tambayar ko kamarar ta lalace ne. Sannan na shimfiɗa tabarma a gindin itacen, Gwaggo ta gyara lulluɓi, ta zauna, jikoki bakwai suka kewaye ta, aka ɗora mata na goye a cinya. Na ɗaura baƙin gilashi mai 850, na ƙara lokaci kamar yadda na ga ya dace, na danna sau 12. A na ƙarshe har ta yi dariya, abin da ba ta cika yi a gaban kamara ba, don ɗan akuya ya zo yana cin gefen tabarmar.

Mako biyu bayan haka ƙanena ya kira ni. Ya ce, “Yaya, wane gilashi kika sa a na ƙarshen?” Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ai ya faɗa min wannan na kamarar dijital ne da aka yi wa gyara, cikin jakar kawai ya haɗo shi. Hotuna 12 sun fito wayam, fim fari tas kamar ba a taɓa buɗe masa ido ba.

Ga dalilin, kuma shi ne abin da zan so ki riƙe in wata rana ɗanki ko mijinki ya shigo da wannan sha'awa gida. Kowane fim yana da inda ganinsa ya tsaya, kowace filta tana da inda ƙofarta ta fara buɗewa, hoto kuma yana samuwa ne a tsakanin biyun. Kamfanin Rollei ya ce fim ɗinsa yana kaiwa wajen 820, kuma tun kafin nan ganinsa ya yi rauni. Ilford SFX 200 ma a wajen 740 yake tsayawa. Ni kuwa na ɗaura gilashin da sai wajen 850 yake sakin haske sosai. Wato na aika mai gani har bakin kasuwa ya karɓo saƙon da aka ajiye a bayan gari. Fim ɗin da ke iya jure irin wannan baƙin gilashi, Kodak HIE, mai kaiwa wajen 900, an daina yin sa tun 2007. Don haka a fina-finan da ake samu yau, R72 ita ce iyaka, ja mai lamba 25 ko 29 kuma ita ce ta mai koyo da ta hoton mutane, tunda yaro ba ya zama shiru. In fim mai launi ne irin Aerochrome, wanda Richard Mosse ya ɗauki tsaunukan gabashin Kwango da shi suka fito ruwan hoda, wannan rawaya yake so, shi ma kuma an daina yin sa a 2009. Sai ki duba faɗin zoben kafin ki biya kuɗi. Na kamarar Baba milimita 49 ne, an rubuta a bakinta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba don fim ba. Gwaggo ta haura 80, kuma ban san ko za a sake tara jikokin nan bakwai a tabarma ɗaya ba.

Na jan gilashin sun yi kyau, irin kyan hotunan da Baba ke maƙalawa a shagonsa. Na R72 kuwa sai da na zauna. Ƙasar Tozai ta fito toka-toka, sama baƙa, gawon kuma ya tashi fari sol tun daga ƙasan rassa har ƙoli, kowane dogon yaro na bakin gari yana haske daga nesa kamar an kunna fitila. Da ido, hazo ya shafe komai ya zama ɗaya. A hoton, duk abin da ke da rai ya ware kansa. Da irin wannan gani ne taurarin ɗan Adam ke leƙo yankinmu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, tana amfani da hotunan da ke gwada jan haske da ɓoyayyen da ganye ke mayarwa don a san inda ciyawa ta yi da inda ta gaza, tun kafin makiyaya su iso da labari.

A ɗaya daga cikin 12 ɗin, wanda na ɗauka don gwaji kawai, Gwaggo ta shigo gefen hoton ba da sanina ba. Ta juya baya rabi, tana korar akuya da sandarta, baƙin lulluɓinta ya zama fari, fatar hannunta ta yi haske sumul, don wannan haske yana ɗan shiga ƙarƙashin fata, launinmu kuma ba ya tare shi kamar yadda yake tare na fili. Shi na sa aka buga babba.

Bayan ƙaramar salla aka kawo ta Sakkwato aka cire mata yanar ido ɗaya. Maganar gona har yanzu tana hannun manya, gawon dai ba a taɓa shi ba zuwa ranar da nake wannan rubutu. Da aka buɗe mata bandeji da kwana uku na kai mata hoton. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Wanga gawonmu na? Wa ya shanya mai kaɗa bisa?” Kaɗa ita ce auduga a bakinsu. Sannan ta sa yatsa kan farar matar da ke gefe ta ce ita wannan ba ta san ta ba, amma akuyar tata ce.